Shitu Direba da Motar da Ta Koyi Kuka

Na san Shitu tun zamanin da auduga ke da daraja a ƙasar Funtua. A lokacin ni ne akawun awo a kasuwar audugar ƙauyenmu, aikin da na samu saboda rubutun hannun da aka koya mini da bulala a makarantar mishan, shi kuma yana karen mota a wata gingimari da ke kwasar buhuna zuwa wurin gurza. Siriri ne, baƙi, mai manyan kunnuwa, har abokai suna yi masa tsiya da su. Kunnuwan nan kuwa su suka ciyar da shi. Bai daɗe ba aka ba shi sitiyari, kuma idan mota ta taso daga kwanar Bakori, yana zaune a zaure zai gaya maka ta wane ce, da abin da ke damun ta.

A farko mutum ne mai sakin jiki da kowa. Abin da ya canza shi ya faru a hanyar Gusau. Wani direba da suke cin tuwo kwano ɗaya, wanda ke kwaɗayin hanyar da aka ba Shitu, ya zuba masa yashi ta wajen zuba baƙin mai. Injin ya kashe kansa a tsakiyar daji, mai motar ya kore shi, ya yi damina guda yana zaman banza kafin gaskiya ta fito. Daga nan bai ƙara yarda da kowa a kan mota ba, sannu a hankali kuma bai ƙara yarda da kowa a kan komai ba. Makulli ya koma wuyansa a jikin igiya. Idan zai bar mota, sai ya maƙala ɗan tsinke a bakin ƙofa, in ya dawo ya duba ko ya faɗi. Ni kaina, da muka shafe fiye da shekara hamsin tare, ban taɓa ganin ya karɓi goro daga hannuna bai juya shi ya duba ba.

Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gandu, gona mai kyau da ta gangara zuwa rafi, shi da ƙanensa Haladu. Shitu yana kan titi, Haladu yana gona, kuma shi ya riƙe 'ya'yan wansa duk tsawon shekarun nan. Ba su taɓa raba gandun ba. A ƙauyenmu su kaɗai suka rage da rumbu ɗaya. Sauran gidaje duk an shiga da igiya an yayyanka gonakin iyaye, kowa ya kama ɗan tsirinsa. Da gwiwoyin Shitu suka gaza taka kuloci, ya ajiye tuƙi ya dawo gida, suka ci gaba da noma tare.

Abu ɗaya ya ɗan shiga tsakaninsu, wato dawar mahaifinsu. Wata kaura ce mai manyan ƙwayoyi, launin ƙwanduwa, wadda tsohon ya gada wajen nasa uban. Tuwonta yana kwana bai saki ba. Amma tana da jinkiri, Haladu kuwa ya karkata ga masara da waken suya kamar kowa. Wata rana a majalisa ya ce dawar Baba ta tsufa. Da wasa ya faɗa, aka yi dariya, amma na ga Shitu bai yi ba. A kakar bara shi da kansa ya zaɓi zangarnun iri, ya sussuke, ya cuɗe da toka kamar yadda uban nasu ke yi don kada ƙwari su taɓa. Bayan 'yan watanni, da taki ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, Haladu ya zo ya ce bana a mayar da tudun gonar ga kaura, tunda ita takin gida ya ishe ta. Shitu ya ce ai ɓeraye sun shiga irin, ko ƙwaya ba su bari ba. Ina wurin. Haladu ya goge ido da bakin riga ya ce, "Shi ke nan, abin da ya rage mana na Baba ya tafi."

Ita kuwa motar, Kabiru ne ya aiko da ita, babban ɗan Shitu da ke sayar da kayan sola a Abuja. 'Yar ƙarama ce, fara, ba ta shan mai, da wuta take tafiya. Ya sa aka jera farantan sola a rufin gidan, aka kafa akwatin caji a bangon zaure. Ranar da aka kawo ta, Shitu ya buɗe bonet ya daɗe yana leƙe. Babu lagireto irin wanda ya sani, babu fambel, babu wajen zuba baƙin mai.

"Akawu," ya ce mini, don haka yake kira na har yau, "wannan ba mota ba ce. Mota tana gaisuwa. Wannan kamar ɓarawo take tafiya."

Amma ya so ta. Da ita yake kai matarsa Tasalla asibitin Malumfashi awon jini, da ita yake zuwa kasuwar Bakori, yana ta danna hon domin awaki ba sa jin zuwanta. Makullinta ya hau igiyar wuya, tsinke ya hau ƙofa. Ba wanda ya taɓa sitiyarinta sai shi.

Da bazara ta yi tsanani aka yi masa aikin yanar ido, aka rufe ido ɗaya da auduga. A makon nan Suwaiba, 'yar Haladu da ke aure a Dandume, ta haihu. Ga suna ya zo, ga mata da kayan barka, ga zafi. Tasalla ta yi ta magiya har ya ciro makullin ya miƙa wa Haladu, wanda ya iya tuƙi tun yana jan akori-kura. Zaituna matar Haladu da wasu mata biyu, dukkansu Allah ya ba su jiki, suka cika kujerar baya, aka bi hanyar nan mai ramuka aka je aka dawo lafiya.

Washegari da rana, motar tana tsaye a zaure tana caji, ta fara kuka.

Na ji shi da kunnena, don an aiko a kira ni. Wani irin zuuu ne marar yankewa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, a cikinsa kuma akwai wata 'yar ƙwaras-ƙwaras da ke zuwa tana tafiya. Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne motar ba tafiya take ba, ba kowa a ciki, amma tana yi. Da la'asar ta yi sanyi sai ta yi shiru da kanta. Mata suka fara cewa wani abu ya biyo ta daga dajin Dandume. Shitu bai yarda da wannan ba. Bai taɓa zargin aljani a inda akwai ɗan Adam ba.

Da idonsa ya warke ya hau bincike irin na da. Ya sa jak ya ɗaga tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, ko boris ne. Ba shi ba. Ya duba birki. Ya ɗauko doguwar sukudireba ya ɗora bakinta a kan duk abin da ya gani a cikin bonet, ya kara kunnensa a ƙotar. Shiru. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Mutumin da ke gane ciwon mota daga kwanar Bakori, ga mota a zaurensa tana kuka, ya kasa cewa ga inda ke mata ciwo.

"Yashi ne," ya ce mini a hankali, yana kallon ƙofar sashen Haladu. "Ka ji ƙwaras-ƙwaras ɗin nan? Na san kukan yashi."

"A ina za a zuba yashin, tunda ka ce ba ta da wajen mai?"

"Shi ya sani. Ko ya tsaya a Dandume an ciro wani abu an sa tsoho. Tun da Kabiru ya aiko mini da ita bai aiko masa ba nake ganin idonsa."

Na ce masa Haladu ne fa, wanda ya riƙe masa 'ya'ya. Ya ce wancan ma da ya zuba masa yashin farko, kwano ɗaya suke ci. Kafin ka ce kwabo ya tafi wurin Mai Unguwa ya ce a shirya igiya, kafin ruwan shuka ya sauka yana so a raba gandu, kowa ya san iyakarsa. Gari ya ɗauka. Tasalla da Zaituna, da suka yi shekaru suna daka a turmi ɗaya, suka koma gaisuwa daga nesa.

Haladu ya same shi a zaure, ina zaune.

"Yaya, na ji abin da ka kai wa Mai Unguwa. Ban hana ka ba. Amma ba za a raba gonar Baba da sunana a kan sata ba. A kai motar Funtua a buɗe ta a gaban Akawu. In an ga hannuna a ciki, ka ɗauki har da rafin."

Shitu ya yarda, amma bai yarda da makanikin da Haladu ya ambata ba, bai kuma yarda da wanda Kabiru ya faɗa a waya ba, wai Kabiru ɗan gidan baffansa ne. Shi da kansa ya je Funtua a motar haya, ya bi masu keken lantarki yana tambayar kowanne a keɓe wa ke yi musu gyara. Da ya ji bakinsu ya zo ɗaya a kan wani Abdulrahman, sannan ya dawo ya ce mu shirya.

Muka tafi da hantsi, shi a sitiyari, ni a gefensa, Haladu a baya. Ba mu kai Bakori ba kukan ya taso.

"Yaya, kamar daga ƙarƙashina yake fitowa," in ji Haladu.

"Ai kai za ka fi kowa sani."

A haka muka isa Funtua.

Abdulrahman magidanci ne mai ƙaramin gemu, rumfarsa cike da batura da kekuna masu ƙafa uku da aka tuttuɓe. Ya gaishe mu da ladabi, ya kawo benci. Bai taɓa motar ba tukuna, ya tsaya yana saurare, wanda na ga ya ɗan burge Shitu duk da bai so ba.

"Baba, in ka ƙara gudu, kukan yana ƙaruwa?"

"A'a. Yadda yake haka yake."

"In ka taka birki fa, ko ka sha kwana?"

"Duk na gwada. Kafin a haife ka nake wannan aikin."

"Allah ya ƙara girma, Baba. Tana yi tana tsaye?"

"Ga shi kana ji."

"Da safe in gari da sanyi?"

Shitu ya ce, "Ba ta yi. Sai rana ta take, ko tana caji."

"To ba taya ba ce, ba kuma abin da ke juya tayoyin ba ne, tunda su in an tsaya sun tsaya. Abin da ke tashi in an ji zafi, fanka ce."

Ya kashe iskar cikin mota, kukan bai daina ba. Ya zagaya yana kara kunne, ya wuce bonet bai ko kalle shi ba, ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa.

"A nan take. Bari in ɗaga kujerar."

Sai ga Shitu ya miƙe daga benci da saurin da ban san gwiwoyinsa suna da shi ba, ya tsaya tsakanin makanikin da kujerar.

"Babu komai a nan. Fanka a gaba take. Tun da aka fara ƙera mota, fanka a gaba take, bayan lagireto."

"Wannan ta batir ce, Baba. Batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin motar, in ya yi zafi ita ke hura masa iska. Ta wata 'yar raga da ke ƙasan kujerar nan take shaƙa."

"Ka fara duba gaban."

Na dubi Shitu. Gumi ne a goshinsa, ba kuma na rana ba. Haladu ma yana kallonsa.

"Yaya," ya ce, "kai ka kawo mu a bincika. Matsa masa."

Masu keke biyu da ke jiran gyara sun matso. Shitu ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ja da baya. Abdulrahman ya kashe motar, ya sa safar roba mai kauri ya cire wutar batirin, sannan ya ɓalle kujerar ya ɗaga.

Toka ce ta fara tashi. A cikin ɗan lungun da ke ƙarƙashin kujerar akwai wani ƙunshi na tsohon buhun gishiri, an ɗaure bakinsa da zare, an cusa shi har ya toshe rabin ragar. Gefensa ya fashe, abin da ke ciki ya zube ya bi ramukan.

"A'uzubillahi!" in ji ɗaya daga cikin masu keken, yana ja da baya. "Ƙunshi da toka! Baba, wallahi an yi maka aiki. Wa ka ba aron motar nan?"

Na juya ina jiran Shitu ya nuna ƙanensa da yatsa, don ga abin da yake nema ya samu, har da masu shaida. Ƙasa yake kallo.

Haladu ya durƙusa ya sa hannu a cikin tokar. Ya ɗebo kaɗan a tafinsa, ya hure, ya murza da babban yatsa. Manyan ƙwayoyi ne, launin ƙwanduwa. Ya sa ɗaya a baki ya ciza.

"Kaura ce," ya ce. "Ta Baba ce."

Mai keken ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya koma wajen kekensa.

Abdulrahman, da yake mai hankali ne, ya yi kamar bai ji ba ya ci gaba da aikinsa. Ya kwance ragar, ya ciro fankar, wata 'yar baƙar aba kamar gwangwanin madara mai fikafikai a zagaye. Toka ta daskare a jikin fikafikan, ƙwayoyin dawa sun maƙale a tsakaninsu, wasu sun niƙe sun zama gari. Ya karkaɗe ta a kan takarda, ya goge da buroshi, ya hure bututun da injin iska, ya juya ta da yatsa kusa da kunnensa, sannan ya miƙa wa Shitu.

"Ji, Baba. Boris ɗinta lafiya lau. Allah ya taimaka kun zo da wuri, da ta tsaya gaba ɗaya batirin ne zai dahu. Wajen nan ba ma'aji ba ne, hancin motar ne. Kada a ƙara sa komai."

Shitu ya karɓa ya juya ta a kunnensa, ya gyaɗa kai. Aka mayar, aka ɗaure, aka haɗa wuta, aka sa caji. Da fankar ta tashi, sai wani ɗan huci mai laushi kamar numfashin jariri.

Duk wannan lokacin Haladu yana tsugune yana tsince dawar. Ya cire hularsa yana zubawa a ciki, ta lungun kujera, ta ƙasa, har da wadda aka karkaɗe a takarda. Shitu ya sunkuya ya ɗauke buhun da abin da ya rage a ciki ya rungume.

"Ka ce ɓeraye, Yaya."

"Na ce."

"Na yi kuka a gabanka."

"Kai ka ce ta tsufa. A gaban mutane ka faɗa. Na ce wata rana zan dawo in tarar an kai ta inji an yi tuwo." Sai halin ya motsa. "Kuma da ba ka loda mata mutane kamar akori-kura ba, da buhun bai fashe ba."

Haladu ya miƙe. Bai hau motar ba. Ya riƙe hularsa da hannu biyu, kai ba hula, ya tafi tasha ya shiga bas.

Da muka koma gida na ɗauka magana ta ƙare, ashe ta juya ne. Shitu ya aika wa Mai Unguwa cewa a bar batun igiya. Haladu ya aika cewa a kawo ta. Ya ce zargin sata ya iya haɗiye shi, amma wanda zai ɓoye masa irin ubansu ya dube shi yana hawaye, ba ya jin za su ƙara zuba hatsi a rumbu ɗaya. Na je na yi magana, Liman ya yi, Kabiru ya yi ta bugo waya. Haladu, da ba a taɓa jin ya musa wa wansa ba, ya ce a'a. Shitu kuwa bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba. Sai dai na lura ya daina zama a zaure, kuma Tasalla ta ce abinci ma taɓawa kawai yake yi. Mai Unguwa ya gaji ya ce to, ranar da aka yi ruwan shuka zai zo gonar da safe, a yi a gama.

Ruwan ya sauka mai yawa, irin wanda ke sa ƙasa ta yi ƙamshi. Da gari ya waye na bi Mai Unguwa zuwa gandun, igiya a kafaɗarsa, don an ce in zama shaida. Mun tarar Haladu ya riga mu, yana tsaye a tudun gonar da sungumi, ga 'yar ƙwarya a ƙasa da dawar da ya tsinto. Ba ta rufe gindin ƙwaryar da kyau ba. Can sai ga farar motar ta ɓullo ba sallama, ta tsaya a bakin gona. Shitu ya fito da buhun gishirin, an ɗinke fashewar da zare. Bai gaishe da kowa ba. Ya taka har gaban ƙanensa, ya kwance bakin buhun, ya juye duka a cikin ƙwaryar, ya karkaɗe har tokar, ya juya buhun ciki waje don kowa ya ga babu saura.

Haladu ya dubi ƙwaryar. Ya dubi igiyar da ke kafaɗar Mai Unguwa. Shuka da sungumi aikin mutum biyu ne, ɗaya a gaba yana sara, ɗaya a baya yana jefa iri yana rufewa da ƙafa, kuma haka suka yi wa ubansu a wannan tudun tun suna yara. Haladu ya tofa yawu a tafinsa, ya ɗaga sungumin ya sari ƙasa, ya yi gaba ya ƙara sara.

Shitu ya yi wuf ya ɗauki ƙwaryar.

"Ni zan riƙe irin."

"Riƙe, Yaya," in ji Haladu, bai waiwayo ba. "Amma a rami za ka zuba, ba a aljihu ba. Ina jin ƙararsa in ya faɗa."

Mai Unguwa ya tsaya har suka kai ƙarshen kunya suka juyo, sannan ya ce shi yana da tasa shukar, ya tafi da igiyarsa.

Kaurar ta yi kyau bana, ta fi mutum tsawo. An zaɓi zangarnun iri su biyun, an cuɗe da toka, an zuba a tulu an liƙe bakin da laka, an ajiye a rumbu. Jiya da na bi ta wajen, na ga ɗan tsinke a maƙale a bakin rumbun.